Yadda ake hawa jirgin ruwan shaƙatawa daga Amurka ba tare da fasfo ba, da takardun da za ka riƙe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sanda hutun yara ya matso sai an kira ni a waya, tambayar kuma kusan ɗaya ce: mun ga kuruz, wato tafiyar jirgin ruwan shaƙatawa, mai araha zuwa Bahamas ko Meksiko, amma fasfona ya ƙare, ko yaran ba a taɓa yi musu ba, za a bar mu mu hau? Ni a Houston nake zaune, tashar Galveston tafiyar kamar awa ɗaya ce daga gida, na hau jiragen nan sau da dama da fasfo da kuma ba fasfo, na kuma taya iyalai da yawa haɗa takardunsu. Amsar ita ce eh ana hawa, amma fa sai kana ɗan ƙasar Amurka, sai jirgin ya dawo tashar da ya tashi, sai kuma ka zo da takardun da ake nema ba waɗanda kai kake ganin sun isa ba. Wanda aka mayar daga bakin jirgi saboda takarda kuɗinsa sun tafi kenan, kamfanonin ba sa mayarwa, kuma na ga hakan da idona, shi yasa na zauna zan yi bayanin dalla-dalla.

Dokar da ta ba da wannan dama ana kiranta WHTI, ta fara aiki ga masu shigowa ta ƙasa da ta ruwa ranar 1 ga Yunin 2009. Ita ce ta ce sai da fasfo ko wata takarda makamanciyarsa za a shigo Amurka, sai ta ware ɗan ƙasa da ya hau jirgin shaƙatawa ya zagaya maƙwabta irin su Kanada, Meksiko, Bamuda da tsibiran Karebiyan ya dawo inda ya tashi, ta ce shi zai iya shigowa da shaidar zama ɗan ƙasa haɗe da katin shaida. Iya abinda kake buƙatar sani kenan game da dokar.

Abubuwan da za ka tanada

- Shaidar cewa kai ɗan Amurka ne, guda ɗaya ga kowane mutum har jariri: takardar haihuwa ta gwamnati, ko satifiket ɗin rantsuwar zama ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa ta ofishin jakadanci.
- Katin shaida mai hoto wanda gwamnati ta bayar, ga duk mai shekara 16 zuwa sama, wato lasin tuƙi ko katin shaida na jiha ko na soja.
- Takardar aure ko hukuncin kotu na canjin suna, in sunayen takardun biyu sun bambanta.
- Wasiƙar amincewar iyaye da aka buga wa hatimin notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu, in akwai yaron da iyayensa biyu ba sa cikin tafiyar.
- Takardar bukin ɗinka, wato shaidar kama gurbi a jirgin, da jerin tashoshin da jirgin zai tsaya.
- Jakar leda mai zif ko fayil da ruwa baya shiga, da fotokwafin komai.

1. Fara da tambayar kanka, a takarda kai waye?

Wannan sassaucin na 'yan ƙasa ne kawai. In girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ke gare ka toh ba kai ake nufi ba, ko da ka shekara ashirin a nan kana biyan haraji. Girin kad ɗin zai shigo da kai Amurka in kun dawo, amma ƙasashen da jirgin zai tsaya kallon ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ko ɗan Ghana suke maka, saboda haka ka riƙe fasfon ƙasarka mai rai tare da katin, ka kuma bincika ko wata ƙasa a cikin jerin tana neman biza a wurinka.

Wanda ya fi damuna shi ne Hajiya ko Baba da suka zo ziyara daga gida ana so a fitar da su su ga teku. Niyya ce mai kyau, amma da jirgin ya tsaya a Nassau ta Bahamas ko Cozumel ta Meksiko sun fita daga Amurka kenan, dawowarsu kuma sabuwar shigowa ce. A watan Yulin 2025 an mayar da yawancin bizar ziyara da ake ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, dan haka ka buɗe fasfonsu ka duba bizar kafin ka biya ko sisi, in ta shiga ɗaya ce ni shawarata a haƙura a kai su wani wurin cikin ƙasa.

2. Tabbatar tafiyar zagaye ce

Turawa na ce mata closed-loop, ka riƙe kalmar dan da ita za ka yi tambaya. Ma'anarta jirgi ya tashi daga tashar Amurka ya dawo wannan tashar dai, misali Galveston zuwa Cozumel a dawo Galveston, ko Miami zuwa Nassau a dawo Miami, ko New York zuwa Bamuda a dawo. In ya tashi daga Miami ya ratsa mashigar Panama ya sauke ku a Los Angeles, duk da garuruwan biyu Amurka ne, ba zagaye bane, sai da fasfo.

Masu son Alaska ku kula sosai. Wanda ya tashi daga Seattle ya dawo Seattle zagaye ne, duk da yana tsayawa a Kanada, galibi a garin Victoria. Amma wanda ya fara ko ya ƙare a Vancouver fasfo yake so. Sannan ko a na Seattle ɗin, in kun tsaya a garin Skagway na Alaska akwai yawon jirgin ƙasa da na bas da ke tsallaka iyaka zuwa cikin Kanada, wannan ba a hawa da takardar haihuwa, sai ka zaɓi wanda baya tsallakawa.

Ka bi jerin tsibiran ɗaya bayan ɗaya kuma, dan Amurka ta yarda ka dawo ba fasfo baya nufin kowace ƙasa ta yarda ka shiga. Martinique da Guadeloupe, waɗanda yankunan Faransa ne, su aka fi sani da neman fasfo.

3. Nemo shaidar zama ɗan ƙasa

Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, dan haka zan ɗan tsaya.

In a Amurka aka haife ka, takardar haihuwa ake so wacce ofishin rajistar haihuwa na jiha ko na ƙaramar hukuma ko na birni ya bayar, mai hatimi da sa hannun magatakarda. Waccan mai kyau ɗin nan da asibiti ke bayarwa, mai hoton sawun jariri, ta ajiye tarihi ce kawai ba a karɓa. Katin soshiyal sikiyuriti ba shaida bane, katin zaɓe ma haka, takardar suna da masallaci ya rubuta ma haka. In taka ta ɓace sai ka nemi sabuwa daga jihar da aka haife ka ba jihar da kake zaune ba, yawancin jihohi suna karɓar oda ta intanet, da yawa ta hanyar shafin VitalChek, kuma in ofishin na kusa da kai zuwa da ƙafa ya fi sauri. 'Yan'uwa na Bronx da Brooklyn ku sani birnin New York ofishinsa daban ne da na jihar, yaron da aka haifa cikin birnin a hukumar lafiya ta birnin ake neman takardarsa, in ka aika jiha ɓata lokaci ne. Wanda kuma aka haifa a Puerto Rico, duk takardar da aka bayar kafin 1 ga Yulin 2010 an soke ta, sai an sake sabuwa.

In a gida aka haife ka, Kano ko Damagaram ko Kumasi, daga baya ka yi rantsuwa, toh dan Allah ka saurara: takardar haihuwarka ta gida bata da wani amfani a nan. Ta hukumar ƙidaya ce ko ta kotu ce ta shaidar shekaru, abinda take nunawa an haife ka ne a wata ƙasa, bata nuna kai ɗan Amurka bane. Wani bawan Allah da muka yi tafiya tare ya ji an ce ana hawa da takardar haihuwa da lasin, ya ɗauko tasa ta gida da lasinsa, a layi aka tsayar da shi, Allah ya so shi gidansa ba nisa ƙaninsa ya kawo masa ainihin takardar kafin a rufe ƙofa. Takardarka ita ce satifiket ɗin da aka miƙa maka ranar rantsuwa, mai hotonka, lambar fom ɗinsa N-550, in kuma canji aka yi maka N-570. Na asalin za ka ɗauka ba fotokwafi ba, kuma kada ka kai a manne masa leda da zafi, yana iya ɓata shi. Ka riƙe shi da kyau wallahi, dan in ya ɓace sake shi da fom N-565 ya haura dala 500 kuma ana jira watanni.

In a waje aka haifi yaro alhali uwa ko uba ɗan Amurka ne kuma an yi masa rajista a ofishin jakadanci, kamar na Abuja ko Legas ko Yamai ko Accra, takardarsa ita ce FS-240, ana karɓarta daidai da takardar haihuwa.

Akwai kashi na huɗu da ba a cika tunawa da su ba, yaran da aka ɗauko daga gida da girin kad, sai uba ko uwa suka yi rantsuwa kafin yaron ya kai 18. A dokar da ta fara aiki a Fabrairun 2001 yaron ya zama ɗan ƙasa kai tsaye in yana zaune a hannun mahaifin nasa, amma babu wata takarda da ke zuwa da kanta. Satifiket ɗin baba baya yi wa ɗa shaida a bakin jirgi. Ko dai an nema masa nasa satifiket ɗin da fom N-600, wanda kuɗinsa ya haura dala 1,000, ko a yi masa fasfo, kuma fasfon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

4. Duba katin shaida mai hoto

Lasin tuƙi ko katin jiha ya isa, ya kasance da rai har ranar dawowa ba ranar tafiya kaɗai ba. In ka sabunta lasin an baka ta wucin gadi ta takarda, kada ka dogara da ita, wasu kamfanonin basa karɓa, ka yi sabuntawar da wuri katin ya iso. Yaro ɗan 16 ko 17 da baya tuƙi a kai shi ofishin lasin a yi masa katin jiha.

Kuskuren da nake yawan ji shi ne wai lasina mai tauraro ne, REAL ID, dan haka ya wadatar. A'a. Tauraron nan na hawa jirgin sama ne a cikin ƙasa, wanda aka fara tilastawa ranar 7 ga Mayun 2025, kuma mai girin kad ma yana samunsa, kaga kenan baya nuna zama ɗan ƙasa. Wanda ke tsayawa shi kaɗai ba sai da takardar haihuwa ba shi ne lasin da ake kira EDL, mai tutar Amurka a jiki, jihohin da aka sani da bayar da shi su ne Michigan, Minnesota, New York, Vermont da Washington. In kana ɗaya daga cikinsu ka juya katinka ka duba da kyau, dan sai wanda ya nema ya biya ƙari ake ba shi, ba kowane lasin jihar bane.

5. Jera takardun ka karanta sunayen harafi-harafi

Ajiye shaidar ɗan ƙasa, katin shaida da takardar bukin a kan tebur ɗaya. Mu sunayenmu suna da saurin rikicewa, nan Muhammad can Mohammed, nan Abdullahi can Abdullah, wani wurin sunan uba ne a ƙarshe wani wurin sunan kaka ko sunan gari. A bukin ka rubuta sunan yanda yake a takardar gwamnati, banda Alhaji banda Hajiya banda laƙabi, in kuma wani ne ya yi maka bukin ɗin da sunan da ya saba kiranka toh a kira kamfani a gyara tun yanzu, ranar haihuwa ma a duba.

Ke 'yar'uwa in kin koma amfani da sunan miji a lasin alhali takardar haihuwa ko satifiket na ɗauke da sunan gidanku, ki haɗa da takardar aure ta hukuma wacce ta haɗa sunayen biyu. Ta ɗaurin aure da liman ya rubuta in ba a yi rajistarta a ofishin ƙaramar hukuma ba kada ki dogara da ita. Wanda ya canza suna lokacin rantsuwa ya ɗauki takardar kotun da aka haɗa masa da ita.

6. Yara

Yaron da bai kai shekara 16 ba takardar haihuwa kaɗai ta ishe shi, ba sai da kati mai hoto ba. Lissafa shekarun da ranar tafiya, kada ya cika 16 tsakanin biyan kuɗi da hawa jirgi ku manta.

In uwa ce kaɗai da yara, ko uba kaɗai, ko kun ɗauki ɗan yaya ko ɗan riƙo kamar yanda muka saba, a rubuta wasiƙa da Turanci daga iyayen da basa tafiyar, da sunan yaro da ranar haihuwarsa, sunan jirgi, ranakun tafiya, sunan wanda zai kula da shi, da izinin a yi masa magani in ta kama, a sa hannu a gaban notari. Bankuna da yawa suna yi wa masu asusu kyauta. Ba kullum ake tambayarta ba amma ranar da aka tambaya babu abinda zai maye gurbinta. Sannan akwai kamfanonin da, in babba ɗaya ne tal tare da ƙananan yara, suke cewa kowa sai da fasfo ko da tafiyar zagaye ce, Princess na cikinsu, dalilinsu kuwa in wani abu ya faru kada a raba yaro da babban.

7. Tambayi kamfanin, kuma a rubuce

Dokar gwamnati ita ce mafi ƙaranci, kamfani na da ikon ƙarawa. Manyan da iyalai suka fi hawa irin su Carnival da Royal Caribbean suna karɓar takardar haihuwa a tafiyar zagaye, amma da yawa daga cikin ƙananan jirage masu tsada fasfo suke nema a kowace tafiya. Batun fotokwafi ma sun bambanta, wani ya karɓa wani yace sai mai hatimi, ni dai mai hatimin nake ɗauka kullum in huta. Buɗe shafin takardun tafiya na kamfanin, ka karanta na jirginka da ranarka, in akwai abinda ya shige maka duhu ka tura musu imel ka buga amsar ka sa a fayil. Maganar baki ta waya bata da amfani a bakin jirgi.

8. In wani abu ya rasa

In da sauran wata biyu ko fiye, kawai ka yi fasfo. Babba mai nema karon farko littafin dala 130 ne da dala 35 na wurin karɓa, in kana sauri ka ƙara dala 60. Akwai kuma katin fasfo, dala 30 ga babba, 15 ga yaro, shi ma da dala 35 ɗin in karon farko ne, girman lasin ne kuma shi kaɗai ya isa hawa jirgin ruwa zuwa Kanada, Meksiko, Bamuda da yawancin Karebiyan, sai dai ba a hawa jirgin sama da shi daga wata ƙasa. Ga wanda ya yi rantsuwa ina ganin ko katin nan ya fi yawo da satifiket a cikin jaka. Farashin kan canza, ka duba shafin ma'aikatar harkokin waje kafin ka rubuta cek.

Ga wani tarko da ya kamata ka sani: in ka nemi fasfo karon farko, ainihin takardar haihuwar ko satifiket ɗin ake karɓa a aika tare da fom, kuma daban ake dawo da ita, wani lokacin bayan fasfon ya iso. In ka miƙa saura sati uku tafiya kana iya wayar gari ba fasfo ba takarda. In lokaci ya ƙure haka, ko dai ka bar neman fasfon sai kun dawo, ko ka nemi alƙawari a ofishin fasfo na gaggawa, suna ganin wanda tafiyarsa ta rage kwana 14 ko ƙasa da haka in ya nuna shaidar bukin, akwai irin ofishin a Houston da Miami da New York da wasu manyan birane.

9. Ranar hawa

Da kun isa tasha 'yan dako za su karɓi manyan akwatuna tun daga bakin mota, kuma ba za ka sake ganinsu ba sai cikin jirgi da yamma. Takardu kada su kwana cikin akwati, a jakar hannu suke, ni tun a gida nake ƙirga su mutum-mutum, in sake ƙirgawa a mota kafin a sauke kaya. Hoton takarda a waya ba a ɗaukarsa a matsayin takarda. Ku je da wuri, in matsala ta taso a samu lokacin gyarawa, kuma ka sani layin masu takardar haihuwa ya fi na masu fasfo jinkiri dan sai ma'aikaci ya duba da hannu.

Da ka shiga ɗaki saka fayil ɗin a cikin akwatin sirri na ɗakin. In za ku sauka gari ka ɗauki katin jirgi da lasin da fotokwafin shaidar ɗan ƙasa, ka kuma ɗauki hoton lambar wakilin jirgin na wannan tashar, ana rubuta ta a takardar shirin ranar.

10. Kada jirgi ya bar ka

Wannan shi ne raunin tafiya ba fasfo, kuma ba zan ɓoye maka ba. Sassaucin na shigowa ta ruwa ne a wannan jirgin kawai. In ka makara jirgi ya tashi, ko rashin lafiya ta sa aka sauke ka asibiti a Nassau ko Jamaika, ko aka yi rasuwa kana so ka koma da gaggawa, jirgin sama baya ɗaukar ka zuwa Amurka sai da littafin fasfo. Sai ka nemi ofishin jakadancin Amurka a yi maka na gaggawa, wanda mai yiwuwa baya tsibirin da kake, kuma Asabar da Lahadi a rufe yake, otal da abinci duk daga aljihunka. Dan haka in akwai tsoho ko mai ciwon suga ko hawan jini ko mai juna biyu a cikinku, ni bana shirya musu tafiyar sai da fasfo, da shi da wanda zai tsaya da shi.

In kuma kowa lafiya lau kuma kun yanke za ku tafi haka, ka saita agogonka da lokacin jirgi dan wani lokacin ya bambanta da na garin, wayarka kuma tana iya canzawa da kanta, ka dawo da aƙalla awa ɗaya kafin lokacin da aka sa, yawo mai nisa kuwa ka saya ta hannun kamfanin dan in motarsu ta makara jirgin na jira ko su san yanda za su yi da ku. Daren ƙarshe za a ce ku fito da akwatuna bakin ƙofa a kwashe, kafin ka rufe akwatin ka buɗe akwatin sirrin ka mayar da fayil ɗin jakar hannu, dan da safe jami'an kan iyaka za su nemi takardun nan biyu, shaidar ɗan ƙasa da katin shaida, kafin ku fita daga tasha.